Kalma Ɗaya, Uwa Biyu: Tarihin "Shiver" da Darasinsa ga Marubutan Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a Masanawa ko wani ƙauye na ƙasar Kabo da Gwarzo a tsakiyar hunturu ya san abin da ake kira rawar ɗari. Da sassafe za ka ga yara sun taho makaranta hannuwa a hammata, haƙora na haɗuwa, a gefen hanya kuwa ga mai faskare yana dukan icce da gatari, ɓarɓashi na tashi, yara na kaucewa kada sartse ya same su. Ba mu taɓa zaton akwai wata dangantaka tsakanin karkarwar yaran nan da ɓarɓashin iccen ba, sai ranar da wata kalmar Turanci ta ba mu kunya a gaban ɗalibanmu.

Abin da ya faru shi ne, mun ba 'yan aji wani ɗan labari na mayaƙan Turai na dā su mayar da shi Hausa. A ciki an ce wani barde ya kai wa abokin gabarsa suka, mashin ya haɗu da garkuwa, sai aka yi amfani da kalmar shiver a faɗi abin da ya sami mashin. Wani yaro ya rubuta cewa mashin ya yi rawar sanyi. Aji ya fashe da dariya, mu kuma muka gyara masa da jan biro, muka ce mashin girgiza ya yi. Da muka koma gida muka buɗe ƙamus, ashe da mu da yaron duk jirgi ɗaya ya kwaso mu. Mashin nan ragargajewa ya yi, ya tashi sartse-sartse. Washegari muka koma muka janye gyaranmu a gaban kowa. Tun daga ranar muka shiga bin sawun kalmar, abin da muka samo kuwa shi muke so mu ajiye a gaban 'yan'uwa marubuta.

Asalin Kalmar

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, kalmomi biyu ne suka sa riga iri ɗaya. Manyan ƙamusoshin Turanci ma ba sa haɗa su a gida ɗaya, kowace da nata gurbin.

Ta farko, wato mai ma'anar ɓarɓashi ko farfashewa, ta bayyana a rubuce a Ingila tun wajen shekarar 1200. 'Yar dangin harsunan Jamus ce, kuma tushenta yana nufin tsagawa ko yankawa. Har yau Jamusawa na da 'yar'uwarta, Schiefer, sunan wani dutse mai ɓarewa falle-falle, wanda ake rufin ɗaki da shi, kuma da shi aka riƙa yin allon rubutu na 'yan makarantar boko a zamanin dā. Da wannan ma'ana Shakespeare ya yi amfani da ita. A wasan Richard II, wanda ya rubuta wajen 1595, sarkin da aka tuɓe ya buga madubi da ƙasa, da wannan kalma kuma aka kira gutsattsarin gilashin. A King Lear, wajen 1606, an yi amfani da ita wajen kwatanta yadda mutumin da ya faɗo daga bisa dutse zai fashe kamar ƙwai.

Ba banza kalmar ta yi ƙarfi a bakin mutanen wancan zamani ba, domin kuwa sartse yana kisa. A 1559 Sarkin Faransa Henry na Biyu ya shiga wasan sukar mashi a kan doki a birnin Paris, mashin abokin karawarsa ya karye, tsagin ya shige masa ido, bayan kwana goma ya mutu. Haka nan a yaƙin teku, lokacin da jiragen yaƙi na katako ne, idan harsashin igwa ya bugi jikin jirgi, tsage-tsagen katakon da ke tashi su ne ke raunata mutane da yawa. Daga nan ne aka sami wata rantsuwa da ake sa wa a bakin matuƙan jirgi a cikin littattafai, wadda Robert Louis Stevenson ya yayata a littafinsa Treasure Island na 1883 ta bakin ɗan fashin teku Long John Silver. Masu karatu da dama suna ɗauka cewa katakon jirgin ake kira ya yi karkarwa, alhali kuwa ragargajewarsa ake nufi.

Ta biyu, mai ma'anar karkarwa, ba da wannan kama aka haife ta ba. A ƙarni na 13 chiveren ake rubuta ta. Wasu masana suna danganta ta da wata tsohuwar kalmar Ingilishi mai nufin muƙamuƙi, suna cewa daga kaɗawar haƙoran mai jin ɗari aka samo ta. Wajen ƙarni na 15 sai harafin farkonta ya sauya, ana kyautata zaton saboda maƙwabtaka da kalmar shake mai nufin girgiza. Da haka ta zo ta yi kama da ta farko kamar an tsaga kara. Daga baya baƙuwar ta fi mai gida ƙarfi. Yau idan ka tambayi Bature ma'anar kalmar, rawar sanyi zai fara ce maka, ma'anar farfashewa kuwa ta koma cikin tsofaffin littattafai.

Yaya aka yi aka san duk wannan? Amsa ita ce, an tara shaida. A 1857 wata ƙungiyar masana harshe a Landan ta ƙudiri aniyar yin ƙamus wanda zai bi kowace kalma tun daga ranar da aka fara ganinta a rubuce. James Murray ya karɓi ragamar aikin a 1879, ya yi kira ga jama'a su riƙa karanta littattafai suna aiko masa da 'yan takardu, kowace ɗauke da kalma ɗaya, da jimlar da ta fito a ciki, da sunan littafin da shekararsa. Kashi na farko ya fito a 1884, ba a kammala ba sai 1928, bayan Murray ya yi shekara 13 da rasuwa. Wannan shi ne babban ƙamus na Oxford.

Mu Dawo Gida

Kada mai karatu ya zaci wannan rikici na Turawa ne kaɗai. Mu ɗauki kalmar ɓari. Idan aka ce jikin yaro yana ɓari, karkarwa yake yi. Idan aka ce an yi ɓarin mai, zubewa ya yi, shi ya sa Hausawa ke cewa ba a ɓari a kwashe duka. Idan kuma aka ce mace ta yi ɓari, ciki ne ya zube. Ga karkarwa, ga tarwatsewa, duk a haruffa huɗu, kusan irin abin da ya faru da kalmar Turancin nan. Wanda duk ya ce ɗaya ce ta haifi ɗaya, sai mu ce masa ya kawo shaida daga tsohon rubutu, domin tarihin shiver ya koya mana cewa kama da wane ba ta wane.

Rawa kuwa tata hanyar daban ce, domin ita kalma ɗaya ce da ta yi rassa. Akwai rawar da ake takawa a dandali, akwai rawar ɗari, akwai rawar murya ta mai jin tsoro. Rawar jiki tana iya zama ta masassara, tana kuma iya zama ta zumuɗi, kamar a ce wane yana rawar jiki da baƙi. Rawar kai ta marar natsuwa ce, rawar daji ta soja ce, a bakin 'yan jarida kuma mutum yakan taka muhimmiyar rawa ko da bai ɗaga ƙafa ba. Duk rassan nan jijiyarsu guda, wato motsi mai kai da komowa. Saboda haka aikin mai nazari shi ne ya rarrabe tsakanin kalmar da ta yi rassa da kalmomin da suka yi karo a hanya.

Rubutunmu na boko ya ƙara wa abin wuya, domin ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka kuka na hawaye da kuka ta miya, haka wuya na jiki da wuya ta wahala, haka fari na launi da fari na rashin ruwa. Kunnen Bahaushe ya raba su, alƙalaminsa ya haɗe su. Marubucin da bai gina jimlarsa yadda za ta raba gardama ba, ya bar mai karatu a tsakiyar hanya.

Misali mafi girma da muke da shi na yaudarar kama shi ne kalmar boko kanta. Shekara da shekaru ana koya mana, mu ma muna koyarwa, cewa daga kalmar Turanci book aka aro ta. A 1968 Liman Muhammad ya nuna shakku a kan haka, sannan a 2013 Paul Newman ya rubuta maƙala ta musamman ya warware zancen. Hujja ta farko ta sauti ce: wasalin da ke cikin book ba ya komawa "o" a bakin Bahaushe, shi ya sa cook ya zama kuku, bai zama koko ba. Hujja ta biyu ta ma'ana ce: boko tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin algus ko abin da ba na ainihi ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko ga wadda ake sa wa a maimakon amaryar gaskiya ranar kai ta. Kakanninmu da suka ga karatun da Turawa suka kawo, sai suka laƙaba masa sunan da ya nuna yadda suka ɗauke shi. Kuskuren asalin kalma ɗaya ya so ya ɓoye mana ra'ayin al'umma guda game da makarantar da muke koyarwa a cikinta yau.

Abin da Muka Gada

Ba za mu ce ba a yi wa Hausa aiki ba. J. F. Schön ya buga ƙamus a 1876, ko da yake bai taɓa taka ƙasar Hausa ba, ya dogara ne da mutane irin su Dorugu, yaron da Barth ya tafi da shi Turai. C. H. Robinson, wanda ya zo Kano a 1894, ya fitar da nasa a 1899 da 1900. A 1934 G. P. Bargery ya fitar da gagarumin ƙamus mai kalmomi kimanin 39,000, ya nuna karin sauti, ya kuma riƙa faɗin wace kalma ce ta Sakkwato, wace ce ta Katsina. R. C. Abraham ya biyo baya a 1949. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006, wanda ya bayyana Hausa da Hausa. Ta fuskar asalin kalmomi kuma, Joseph Greenberg ya yi nazarin kalmomin da muka aro daga Larabci a 1947, da waɗanda suka shigo ta hannun Barebari a 1960.

Waɗannan ƙamusoshi sun gaya mana ma'ana. Abin da muke kwaɗayi a kai shi ne tarihi, wato a ce ga shekarar da aka fara ganin kalma kaza a rubuce, ga yadda ma'anarta ta juya. Kayan aikin kuwa suna nan. Akwai waƙoƙin ajami na ƙarni na 19, irin na Nana Asma'u da tsararrakinta. Akwai littattafan da gasar 1933 ta haifar a ƙarƙashin Rupert East, irin su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar. Akwai jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tun daga 1939. Akwai ɗimbin littattafan da matasan Kano suka riƙa bugawa da kuɗin aljihunsu tun daga shekarun 1980. Bayan duk wannan akwai bakin tsofaffi, wanda shi ne ma'ajiyar da ta fi saurin salwanta.

Kammalawa

Shawararmu ga 'yan ƙungiya guda uku ce. Ta farko, mai fassara kada ya tsaya a ma'anar farko da ƙamus ya ba shi, ya karanta gurbin har ƙarshe, ya duba na ƙasa da shi, don kada mashinsa ya yi rawar sanyi. Ta biyu, kada mu riƙa yanke wa kalma asali don kawai ta yi kama da wata ta Larabci ko Turanci. Ta uku, mu ɗauki dabarar Murray. Kowane memba ya ajiye ɗan littafi, duk kalmar da ya tsinta a tsohon rubutu ko a bakin dattijo ya rubuta ta, da jimlar da ta zo a ciki, da garin, da shekarar. Idan kowane reshe ya riƙa aiko wa wannan mujalla da kalma ashirin duk bayan wata uku, editoci su ware mata shafi guda, cikin 'yan shekaru za mu tara abin da masu ƙamus za su zo nema a wurinmu.

Mu dai mun fara da namu ajin. Mun ce kowane ɗalibi ya tambayi kakarsa sunayen rawar jiki da ta sani. Sun dawo mana da karkarwa, da makyarkyata, da kyarma, da ɓari, kowace da jimlar da tsohuwar ta sa ta a ciki. Yaron nan mai mashi shi ya fi kowa kawo da yawa, shi muka ba riƙon littafin.