Abin da Wayoyin Komai-da-Ruwanka na Farko Suka Sadaukar

A watan Nuwamba na 1992, a wajen baje kolin COMDEX da ke Las Vegas a Amurka, kamfanin IBM ya nuna wata na'ura da ta haɗa waya da ƙaramar kwamfuta a jiki ɗaya. A watan Agusta na 1994 ta shiga kasuwa da sunan Simon, ta hannun kamfanin sadarwa na BellSouth, kan Dala 899 ga wanda ya ƙulla yarjejeniyar shekara biyu. Tana aika imel da fakis, tana da kalanda da littafin adireshi, ga fuska da ake taɓawa da yatsa ko da ɗan tsinke.

Injiniyoyin IBM sun zuba mata duk abin da zamaninsu ya iya, sai dai jikinta ya kasa ɗaukar kayan. Nauyinta ya kai giram 510, batirinta kuwa ba ya wuce kamar awa ɗaya idan ana magana. An sayar da kusan guda 50,000, sannan aka daina ta a 1995. Nokia ta ƙasar Finland ta bi wata hanyar a 1996 da 9000 Communicator, wadda ake buɗewa kamar littafi a tarar da cikakkun madannai. Rubutu ya yi sauƙi, amma aljihu ya ɗauki giram 397.

Matsalar ɗaya ce a ko'ina. Babbar fuska da saurin intanet suna shan caji, babban batir yana ƙara nauyi, madannai suna cinye gurbin fuska. Taura biyu ba ta taunuwa, don haka dole kowane kamfani ya zaɓi abin da zai bari.

Babu wanda ya yi wannan zaɓi da ƙarfin hali irin Apple. Ranar 9 ga Janairu, 2007, shugaban kamfanin, Steve Jobs, ya gabatar da iPhone a San Francisco, aka fara sayar da ita ranar 29 ga Yuni. An cire madannai baki ɗaya don fuskar ta kai inci 3.5. An bar sabis na 3G, aka tsaya ga EDGE mai nawa, Jobs ya kafa hujja da cewa kayan 3G na lokacin suna zuƙe batir. Shi kansa batirin an rufe shi a ciki don wayar ta yi siriri, mai ita ba zai iya cirewa ya sauya ba. Kyamararta ba ta ɗaukar bidiyo, babu GPS, ba a tura hoto ta saƙon MMS. Hatta kwafar rubutu a liƙa shi wani wuri sai a 2009 ya samu, shagon manhajoji na App Store kuwa a Yulin 2008 aka buɗe shi. Duk da haka farashinta ya kama daga Dala 499 zuwa 599.

Wayoyi masu araha na lokacin suna yin da yawa daga cikin waɗannan abubuwa, masu riƙe da wayar BlackBerry kuma suna alfahari da madannansu da batir mai daɗewa. Amma Apple ta tara ƙarfinta a kan shafa fuska da buɗe shafukan intanet yadda suke a kwamfuta, mutane kuma suka yafe mata sauran. An sayar da kusan miliyan 6.

Wayar Android ta farko, HTC Dream, wadda ta fito a Oktoban 2008, ta tsaya tsaka-tsaki. Tana da 3G da GPS, amma duk mai son rubutu sai ya zame fuskar ya fito da madannai, domin sai a 2009 Android ta samu madannan kan fuska. Ramin jona abin sauraro na kunne da aka saba da shi ma babu.

Tarihin nan ya nuna cewa yawan aiki bai ceci Simon ba, rashin wasu ayyuka kuma bai kashe iPhone ba. Wanda ya yi nasara shi ne wanda ya gane abin da jama'a za su iya haƙura da shi. Har yau haka masu ƙera waya ke aiki, saboda haka mai sayen waya ya riƙa tambayar abin da aka rage mata, ba abin da aka rubuta a jikin kwali kaɗai ba.