Asalin Kalma: Wiwi

"Wiwi" ba haifaffiyar Hausa ba ce, baƙuwa ce da ta shigo mana ta Turancin buroka na kudu. Ana danganta ta da kalmar Turanci "weed", wato ciyawar da ke fitowa ba a shuka ta ba, kuma a Gana "wii" kawai ake ce mata. Da ta iso Arewa sai aka jingina ta da taba, tunda naɗe ta ake yi a takarda a zuƙa, aka samu "tabar wiwi". Larabawa ma "hashish" suka kira ta, ma'ana busasshiyar ciyawa. Samarin unguwa kuwa "ganye" suke cewa.

Duk sunayen nan na raina abu ne, kuma sun yi mata rufin asiri fiye da kima. Sinadarin THC da ke cikinta kai tsaye yake taɓa ƙwaƙwalwa: ido ya kaɗa ya yi ja, bugun zuciya ya ƙaru, mutum ya ɗauko zance ya manta inda ya nufa. Wanda ya fara sha tun ƙuruciya, kuma yake sha kullum, shi ya fi shiga haɗarin taɓin hankali da kasa dainawa. Hayaƙinta kuma na jawo tari mai naci.

Shi ya sa "ɗan wiwi" ya zama zagi, har ana jifan wanda bai taɓa sha ba da shi in ya yi shirme. Duk da haka, binciken da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya yi a 2018 ya nuna mutum miliyan 10.6 ne suka sha ta a Najeriya cikin shekara guda.