Taragon Gyaɗa a Ƙaramin Samfuri: Abin da Fenti da Lamba Ke Faɗa Game da Layin Dogon Kano

A Ingila, Jamus da Japan akwai masu sha'awar ƙera ƙananan jiragen ƙasa, waɗanda kan shafe watanni suna gardama kan launin tarago guda: ja ne ko ruwan toka, a wane ɓangare aka rubuta lambarsa, kuma a wace shekara aka sauya harafin da ke jikinsa. Ga wanda ya taso yana jan motar kara ko ta langa-langa a lungunan Kiru da Bebeji, wannan na iya zama kamar neman aiki. Amma idan aka ɗauki tambayoyin nan aka ɗora su kan taragan da suka ratsa kudancin Kano fiye da shekara ɗari, sai a ga cewa kowace amsa tana buɗe wani babi na tarihin yankin.

Tambaya ta farko ita ce faɗin layi. An fara shimfiɗa layin Baro zuwa Kano a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan layin dogo ne. Ƙarafan sun iso Kano a 1911, lokacin sarautar Sarki Abbas, bayan sun taso daga Zariya sun bi ta Dangora a ƙasar Kiru, sannan Madobi da Chalawa. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu ƙafa 3 da inci 6 ce, wato milimita 1,067, ba milimita 1,435 da Ingila ke amfani da ita a gida ba. An zaɓi siririn layi ne saboda araha. To, yawancin ƙananan jiragen da ake sayarwa a duniya an yi su ne a ma'aunin 1 bisa 87, a kan layi mai faɗin milimita 16.5, wanda ke wakiltar babban layin Turai. Wanda ya ɗora taragon Kano a kansa ya riga ya yi kuskure tun kafin ya taɓa fenti. A wannan ma'auni, layin Kano milimita 12 da 'yan kai ya kamata ya zama. Shi ya sa masu wannan sana'a a Niyuzilan, inda faɗin layinsu ɗaya ne da na Najeriya, sukan koma ma'aunin 1 bisa 64 domin lissafin ya daidaita.

Tambaya ta biyu ita ce suna. Layin Baro zuwa Kano ya fara ne a matsayin mallakin gwamnatin Arewa, dabam da na Legas. A 1912 aka haɗe su ƙarƙashin suna ɗaya, shekara biyu kafin a haɗe ƙasar kanta a 1914. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, wadda aka sani da NRC, ba ta samu ba sai a 1955. Saboda haka samfurin da ke nuna lodin gyaɗa na 1930 amma ɗauke da haruffan NRC ya tsallake shekara ashirin da biyar na tarihi. Haruffa uku kacal ne, amma su ke bambance zamanin da reluwe take sashe na gwamnatin mulkin mallaka da zamanin da ta zama hukuma mai cin gashin kanta a jajibirin 'yancin kai.

Tambaya ta uku, wadda ta fi nauyi, ita ce abin da ke cikin taragon. Turawa sun shimfiɗa layin da fatan auduga za ta kwarara zuwa masaƙun Lankasha. Manoman Kano suka yi nasu lissafin: gyaɗa ta fi kuɗi, ana iya cinta idan shekara ta ɓaci, audugar kuwa masaƙan gida na biya da kyau. A kakar 1912 buhunan gyaɗa suka fi ƙarfin taragan da ake da su, a 1913 kuma abin da Najeriya ta fitar ya haura tan 19,000. Dalar gyaɗa, wadda sunan Alhassan Ɗantata ya shahara da ita, ba don ado aka gina ta ba. Tari ne na kayan da ke jiran tarago, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu lokacin da reluwe ta yi ƙarancin kawunan jirgi da taragai. Banda gyaɗa, jirgin yakan gangara kudu da shanu, fatu da ƙiraga, ya dawo da goro, gishiri, kananzir da atamfa. Kowane kaya da irin taragonsa: na shanu yana buƙatar iska, na buhuna kuwa rufi ko tamfol saboda ruwan sama. Wanda ya cika jerin taragansa da auduga zalla ya ƙera mafarkin Turawa ne, ba zaɓin manomi ba.

Launi shi ne mafi wuyar tabbatarwa. Hotunan farkon ƙarni na ashirin baƙi da fari ne, kuma fim ɗin wancan lokaci ba ya kama ja sosai, don haka jan tarago kan fito baƙi ƙirin. Ga kuma rana da ƙurar hunturu da jar ƙasa, waɗanda kan sauya fenti cikin 'yan shekaru. Mai neman gaskiya dole ya haɗa hoto da takardun ma'aikata da kuma ƙarfen da ya saura. Akwai ƙaramin gidan tarihin reluwe a Gidan Jaekel da ke Ebute Metta a Legas, wanda aka sa wa sunan Francis Jaekel, marubucin tarihin reluwen Najeriya. A gidan tarihi na Jos ma an adana wasu kayan siririn layin Zariya zuwa Jos, mai faɗin ƙafa 2 da inci 6, wanda aka rufe a 1957.

Lokacin wannan bincike yana ƙurewa. Fari na farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun kawo ƙarshen dalar, manyan motoci suka karɓe jigila. A 2021 aka ƙaddamar da aikin sabon layin Kaduna zuwa Kano mai faɗin milimita 1,435, wanda tsofaffin taragan ba za su iya hawa ba. Waɗanda suka rage a gefen tashoshi tsatsa na cinsu, 'yan gwangwan na jiran sauran. Dattawan da suka yi dako a tashar Dangora, waɗanda suka san launin tarago da yawan buhunan da yake ci, su ma suna ƙaranci. Kafin ƙarfe da mutanen su ƙare, aikin da ke gaban ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero da matasan yankin bai wuce awo, ɗaukar hoton lamba da naɗar muryar dattijo ba. Da waɗannan ne za a iya ƙera tarago mai tsawon tafin hannu wanda jikan manomin Ba'awa zai duba ya gane abin da ya kai gumin kakansa bakin teku.