MiniDisc da Muryoyin Dattawanmu da Ke Kulle a Akwati

A cikin na'urorin sauti da suka ratsa ƙasar Hausa, tun daga garmahon da ake wanawa da hannu har zuwa wayar salula, babu wadda zamaninta ya gajarta kamar MiniDisc, babu kuma wadda aka fi saurin mantawa da ita. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a Kano da Kaduna da Abuja da Ikko ba su taɓa ganinta ba, balle su san aikinta. Duk da haka mun ga ya dace a ba ta shafi a mujallar bana, domin wani yanki na tarihin garinmu yana kwance a kan ƙananan faya-fayanta, a cikin akwatuna da durowoyin 'yan'uwa mazauna birane, na'urorin da ke iya karanta su kuwa kullum raguwa suke yi.

Asalinta daga ƙasar Japan ne. Kafin zuwanta, abubuwa biyu ne ke riƙe da kasuwar sauti a duniya. Akwai kaset, wanda kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi a 1963, kamfanin Sony kuma ya ƙara masa farin jini a 1979 da ya ƙera Walkman, wadda ta ba mutum damar tafiya da waƙa a kunnensa. Akwai kuma faifan CD, wanda kamfanonin biyu suka haɗa hannu suka fitar a 1982. Kaset yana ɗaukar murya, amma da shuuu a bayanta, ga shi kuma rikoda kan tauna zarensa. Duk wanda ya taɓa sa biro yana nannaɗe zaren kaset ɗin Shata ya san wannan ciwo. Faifan CD kuwa sautinsa garau, sai dai a wancan lokaci talaka ba ya iya ɗaukar komai a kansa, kuma da an girgiza shi sai waƙa ta yi tsalle. Sony ya ƙudiri aniyar haɗa alherin biyun wuri guda. A watan Nuwamba na 1992 ya sa na'urar farko, mai lamba MZ-1, a kasuwannin Japan, sannan ta isa Turai da Amurka. A wannan shekarar Philips ma ya fito da nasa sabon kaset mai suna DCC don su kara, amma bai kai labari ba, aka daina yin sa a 1996.

Faifan kansa ɗan ƙarami ne, faɗinsa milimita 64, yana zaune cikin gidan roba mai ƙofar zamiya wanda bai kai tafin hannu ba. Wannan gida shi ne babbar hikimar, musamman a ƙasa irin tamu, domin ƙurar hunturu da yatsun yara ba sa kaiwa ga fuskar faifan. Yadda ake rubutu a kansa kuwa abin a tsaya a duba ne. Hasken leza yana zafafa wani ɗan ɗigo a jikin faifan har ya kai kusan digiri 180, a daidai lokacin kuma wani ɗan kan maganaɗisu da ke ɗaya gefen yana juya ɗigon yadda ake so. Da wurin ya huce, abin da aka rubuta ya zauna daram, ba ya sauyawa sai an sake zafafa shi. Wannan ne ya sa maganaɗisun lasifika, wanda kan lalata kaset idan aka ajiye shi kusa, ba ya yi wa wannan faifai komai cikin sauƙi. Don minti 74 na sauti su shiga wuri ƙarami haka, injiniyoyin Sony suka ƙirƙiro wata dabarar matse sauti da suka kira ATRAC, wadda ke zubar da abin da kunnen ɗan Adam ba ya kamawa, ta bar kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da CD ke ɗauka. Sannan na'urar kan karanto sautin gaba kaɗan ta ajiye a ƙwaƙwalwarta, ta yadda ko mota ta faɗa rami waƙa ba ta yankewa.

A Japan ta karɓu ƙwarai, saboda a can akwai shagunan hayar faifan CD, matashi kan hayo faifai ya kwafe a nasa ya mayar. A wurinmu kuwa, ta fuskar sauraron waƙa, gaskiya ba ta yi tasiri ba. Tsadarta ta fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Kasuwarmu kuma ta kaset ce tun daga tushe: mai rumfar kaset a tasha yana da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Musa Ɗanƙwairo da Barmani Choge da karatun malamai, zai kuma kwafa maka nan take da kuɗi kaɗan, ka sa a motar haya ko a rediyon mai shayi kowa ya ji. Ba mu taɓa ganin rumfar da ke sayar da waƙar Hausa a kan MiniDisc ba. Waɗanda suka mallake ta a cikinmu 'yan ƙalilan ne, galibi waɗanda suka je karatu ko aiki ƙasashen waje, sai kuma ma'aikatan rediyo. Su ma sai sun jona waya daga rikoda sun kwashe kaset ɗin da suke so zuwa faifan, su zauna su rubuta sunan kowace waƙa harafi bayan harafi da ɗan maɓalli.

Inda ta nuna bajinta shi ne wajen ɗaukar magana. Daga ƙarshen shekarun 1990, manyan gidajen rediyo na duniya irin su BBC suka rungume ta, masu binciken harshe da al'adu a jami'o'i ma haka. Dalilin a fili yake. Tana shiga aljihun riga, ana jona mata makirfo, muryar kuma ta fito tas babu shuuu. Mai ɗauka yana iya sa alama a duk inda magana ta sauya, daga baya ya raba hirar gida-gida, ya goge tari da sallamar baƙo, ya ɗauko ƙarshe ya kai farko, duk a kan na'urar, ba almakashi ba gam. Idan aka ɗauka da kafar sauti ɗaya, faifan minti 74 kan ba da minti 148, wato abin da zai ishi dattijo ya kawo salsalar gidansu tun daga kakan kakansa ba a katse shi don juya kaset ba. A shekarar 2000 aka ƙaro tsarin MDLP, wanda ya kai faifan minti 80 har zuwa minti 320.

Sai ga shi waɗannan shekaru goma, daga wajen 1997 zuwa 2007, sun zo daidai da ƙarshen rayuwar wani rukuni na mutane da ba za a sake samun irinsu ba. Su ne waɗanda aka haifa tsakanin 1910 da 1930. A cikinsu akwai tsofaffin sojojin da suka yi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, da waɗanda suka ji labarin yunwar Kakalaba ta 1914 daga bakin iyayen da suka tsira, da fataken da suka yi tafiyar Gwanja ko suka ga ƙarshenta, da waɗanda suka sha ɗauri a rigingimun NEPU da NPC. Akwai makaɗan fada da sanƙirori masu riƙe da jerin sarakuna a ka, da tsofaffin mata masu waƙar niƙa da ta daɓe, waɗanda injin niƙa da siminti suka kashe wa sana'ar waƙa. 'Yan'uwanmu da suka riƙa zuwa gida hutun salla da wannan na'ura a aljihu sun zauna a zaurukan irin waɗannan bayin Allah sun ɗauki abin da ya sawwaƙa. Mafi yawansu yau sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu.

Domin a gane darajar abin, a tuna da Baba ta Karo. Wannan tsohuwa ta ba wa Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta a tsakanin 1949 da 1950, ita kuma ta rubuta da hannu, littafin ya fito da Turanci a 1954, har yau kuma masana a duniya suna dogaro da shi. Amma abin da ya iso ga mai karanta wannan littafin na Turanci fassara ce. Karin harshenta, da inda ta yi dariya, da inda ta yi shiru, duk sun tafi tare da ita. Abin da ke cikin faya-fayan 'yan'uwanmu ya ƙunshi wannan ɓangaren da littafi ba ya iya riƙewa.

Na'urar tana da nata halin, wanda ya jawo asara ba kaɗan ba. Ba ta rubuta jadawalin abin da ta ɗauka sai an danna tsayawa. Idan batir ya mutu kafin nan, ko aka bugi na'urar tana cikin rubuta jadawalin, hirar awa biyu kan ɓace kamar ba a yi ba, a garin da wutar NEPA ke yin kwanaki ba ta zo ba kuwa wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Tsofaffin samfuran Sony kuma, idan ba a danna maɓallin neman ƙarshe ba kafin sabuwar ɗauka, sai su hau kan tsohuwar su shafe ta.

Babbar matsalar dai daga kamfanin ta fito. Tun 1988 Sony ya sayi kamfanin waƙoƙi na CBS, don haka mai ƙera na'urar kwafa shi ne kuma mai tsoron a kwafi hajarsa. Da aka fito da samfurin NetMD a ƙarshen 2001, mai jonuwa da kwamfuta, sai aka buɗe hanya ɗaya kawai: waƙa ta shiga faifai daga kwamfuta, amma abin da ke faifai ba ya fita. Wato mutumin da ya ɗauki muryar kakarsa da makirfonsa, an hana shi kwashe ta kamar ɓarawon waƙa. A ganinmu wannan rowa ce ta kashe na'urar fiye da kowane abokin gasa. Sai a 2004 tsarin Hi-MD ya sassauta, sai kuma a 2006 samfurin MZ-RH1 ya ba da damar kwashe tsofaffin faya-fayai zuwa kwamfuta kai tsaye. Kafin nan kasuwa ta watse. iPod ta fito a 2001, shekarar da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, ba a jima ba kuma waya mai katin memori ta zama rediyo da rikoda a hannun kowa. Sony ya daina fitar da ta aljihu a 2011, ya daina sauran na'urorin a 2013, a watan Fabrairu na 2025 kuma ya daina yin faifan da ba a ɗauki komai a kansa ba.

Faifan yana da ƙarko, ya fi kaset jure zafi da shekaru. Na'urar ce ke mutuwa: idon leza kan raunana, haƙoran roba kan karye, siririn batirinta kan zubar da ruwa ya cinye ƙarfen da ke ciki, mai gyaran rediyo a kasuwa kuma da wuya ya taɓa buɗe irinta. Saboda haka muna roƙon duk ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke da irin waɗannan faya-fayai, ko ya gaje su a kayan mamaci, da ya fara tura ɗan makullin da ke gefen faifan domin kada a yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai, kada kuma ya buɗe ƙofar zamiyar. Idan an sa faifai a na'ura aka ga lokaci yana tafiya amma ba a jin komai, kada a ce fanko ne a yar. Mai yiwuwa da tsarin MDLP aka ɗauke shi, tsohuwar na'ura kuwa shiru take yi da irinsa. Faifan Hi-MD ma sai na'urar Hi-MD. Wanda ke da na'ura mai rai, ko da ba MZ-RH1 ba ce, ana iya jona waya daga kafar abin sauraro zuwa kwamfuta a kwashe, sai dai hirar awa biyu awa biyu za ta ci.

Kwashewar ma rabin aiki ce. Murya ba ta da amfani ga jikokinmu idan ba a rubuta sunan mai maganar da unguwarsa da shekarar da aka ɗauka ba, wanda ya riƙe makirfon kuwa shi kaɗai ya san wannan, shi ma kuma ya fara furfura. Akwai kuma batun amana. Dattijon da ya saki jiki da ɗan ƙaninsa a zaure ya faɗi abubuwa a kan gadon gona da rikicin sarauta da asalin wasu gidaje, bai faɗe su don su yi yawo a WhatsApp ba. Kafin a saki kowace hira ga jama'a, sai a zauna da iyalan mai maganar su saurara tukuna, su nuna abin da za a fitar da abin da za a bari a ajiye a hannun ƙungiya.