Daga kabad ɗin rilai zuwa Arduino: tarihin sana'armu a Arlit

A cikin shingen kamfani aka haifi sana'ar koya wa inji abin da zai yi a Arlit. Somaïr ta fara fitar da yuraniyom a 1971, Cominak ta biyo baya a 1978 da ramin Akouta, mai zurfin kusan mita 250. Rami irin wannan fanka da famfo ne ransa. Iska ta tsaya ko ruwa ya taru, to kowa sai ya fito.

Magabatanmu, da yawansu yaran makarantar EMAIR ta Agadez, da rilai da waya suke ƙulla dabarar. Ka buɗe kabad ka ga layi-layi suna ƙaf-ƙaf, tsohon ma'aikaci kuwa da kunne yake gane wanda ya gaji. Daga baya otomat, wato na'urar sarrafa inji da ake loda wa shiri, ya shigo, aka koma zana shirin da tsarin Grafcet ana loda shi daga kwamfuta. Amma ilimin bai ƙetare ƙofar ma'aikata ba. A cikin gari sai gyaran rediyo da naɗin wayar injin lantarki.

Ƙaramin guntu ne ya fara huda shingen. PIC16F84 da ake sawowa daga Yamai ko Kano ya ba mutum damar zama a ɗakinsa ya rubuta, ya goge, ya sake. Arduino, da aka ƙirƙiro a Italiya a 2005, ya sauƙaƙa abin har ya so ya yi yawa: yau yaro ya kwafo shiri daga intanet, fitila ta ƙyafta, gobe ya ce shi injiniya ne.

Sai aka jingine aikin haƙar yuraniyom na Imouraren, sannan Cominak ta rufe ranar 31 ga Maris 2021. Masu hannu suka fito neman na kansu. Kwastomominmu yanzu su ne mai lambun da ke son famfon sola ya tsaya da kansa in rijiya ta ja baya, mai shagon da ke son janareto ya karɓa in wutar kamfanin Sonichar ta ɗauke, da masu neman zinariya a Tchibarakaten. Abdou Maman Kané, da ban-ruwansa ta wayar salula da ya ci masa kyautar ruwa ta Hassan II a 2015, ya riga ya nuna akwai kasuwa.

A ganina gadon da ma'adinai ya bar mana shi ne rashin yarda da na'ura. Wanda ya tashi a can kafin ya rubuta layi ɗaya sai ya tambaya: in sansa ta mutu fa? In wuta ta dawo da ƙarfi fa? Zai sa agogon tsaro a cikin shirin, ya rufe akwati saboda ƙura, ya kafa shi a inuwa don zafin watan Mayu. Farashinsa ya fi na yaron intanet, shi ya sa sau da yawa sai famfo ya ƙone ake nemo lambarsa.