Tazarce: kalmar da ta ƙetaro iyaka

Mutanen Matameye, da ke bisa hanyar Damagaram zuwa iyakar Najeriya, daga bakin maƙwabta suka fara jin kalmar "tazarce". A 1998, bayan wani gangami a Abuja inda aka roƙi Janar Sani Abaca ya zarce, jam'iyyu biyar na ƙasar duka suka tsayar da shi ɗan takara. Ajali ya riske shi ranar 8 ga Yuni, amma kalmar ba ta bi shi kushewa ba.

Shekara goma bayan haka ta ɓullo a jihar Damagaram. A watan Oktoba na 2008, sa'ad da Shugaba Tanja Mamadu ya aza tubalin matatar man fetur, aka ji masu kira da ya zarce. Hujjarsu tana da daɗin ji: a bar shi ya kammala matatar da madatsar ruwa ta Kandaji, don arzikin ƙasa ya amfani ƴan ƙasa. Sai dai tsarin mulkin 1999 wa'adi biyu kawai ya yarje wa shugaba.

Tanja ya ce muryar talakawa ta fi ta kowace hukuma. Ranar 26 ga Mayu 2009 ya rusa majalisar dokoki, wadda Mahaman Usman yake shugabanta. A ƙarshen Yuni ya rusa kotun tsarin mulki da ta haramta shirin. Zaɓen raba gardama na 4 ga Agusta ya ƙara masa shekara uku, amma bai ci su ba: ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salu Jibo suka hamɓarar da shi. Matatar kuwa an buɗe ta a Nuwamba 2011, ba da shi ba.

A nan darasin yake. Kishin ƙasa abu ne mai kyau, kuma koken talaka gaskiya ne. Haɗarin yana farawa ne ranar da mutum guda ya ce shi kaɗai ne bakin jama'a, har alƙali da ɗan majalisa suka zama abokan gāba.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, an sake jin kiran ƴancin ƙasa, kuma a Maris 2025 aka rusa jam'iyyu, aka ba Janar Ciani shekara biyar. Malamin da ke koyar da tarihin 2009 ya kamata ya bar wa ɗalibansa tambaya guda: idan shugaba ya yi kuskure da sunan jama'a, wa ya rage da zai ce masa a'a?