Ƙetare Dajin Gundumi

A zamanin da, duk wanda ya taso daga Katsina ko Kano yana nufin Sakkwato ta hanyar Zamfara, akwai wuri guda da yakan hana shi barci tun bai kai gare shi ba, watau dajin Gundumi. Wannan daji yana tsakanin Isa da ƙasar Wurno. Da rani ba a samun ruwa a cikinsa, ba gari, ba zango. Ban da ƙishirwa kuma ga mahara, gama Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi sukan yi kwanto a ciki, su auka wa ayari. Hausawa sun ce sannu sannu kwana nesa, amma a Gundumi mai tafiya sannu shi ne abincin daji.

Saboda haka fatake ba su shigarsa da ka. Mutum ɗaya ba ya ratsa shi, sai a dakata a bakin daji har jama'a ta taru. Madugu ya ƙidaya mutane da dabbobi, jagaba ya tabbata ya san hanya, a ɗura salkuna, a shayar da raƙuma da jakuna har su ƙoshi, a ɗaure guzuri inda hannu zai kai ba sai an sauke kaya ba. In an tashi kuwa, ba sauran yada zango sai an fita.

Turawa biyu sun ɗanɗana wuyar wannan daji, sun kuma rubuta labarinsa. Na fari Kyaftin Clapperton, mutumin Birtaniya, wanda aka sani da Abdullahi. Ya ratsa shi cikin Maris 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aika masa da barade suka rako shi har Sakkwato. Na biyu Dokta Barth, Bajamushe, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim. Gwamnatin Ingila ce ta aiko shi, niyyarsa kuwa ya je Tambutu ya komo.

Barth ya bar Katsina cikin Maris 1853, ana tsakiyar zafi. Bai yarda ya tafi da yaransa kaɗai ba, sai ya bi ayarin Galadiman Sakkwato, wanda ke komawa gida. Suka kwana a Sansanin Isa, suka cika salkuna, ran 31 ga wata suka shiga daji. Tun da farar safiya aka yi kuskure, aka karkata kudu fiye da kima, ayari ya ɓata cikin sarƙaƙiya, kafin a gane hanya sanyin safiya ya wuce. Suka yini suna tafiya, suka kwana suna tafiya, raƙuma na tuntuɓe, mutane na faɗuwa don gajiya. Sai da suka yi sa'a 26 ba su sauka ba. Abin da ya ceci na baya shi ne mahayan da aka turo daga sansanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu, ɗauke da salkunan ruwa, suka tarye su. A nan Gawasu Barth ya gai da Sarkin Musulmi, ya roƙi izinin wucewa, aka ba shi.

Ya zauna Wurno fiye da wata guda yana shirin sauran tafiya. Cikin Mayu ya tashi daga Sakkwato, ya bi ta Boɗinga da Sifawa, inda Shehu Usmanu ya taɓa zama, ya ratsa yankin da Dandin Mahe da Shagari suke, ya isa Gwandu wurin Sarki Halilu. Wannan kashi na hanya bai ba shi wuya kamar na baya ba, domin akwai garuruwa da rijiyoyi, matafiyi ya san inda zai kwana. Ya shiga Tambutu ran 7 ga Satumba 1853. Da ya juyo, ya sake biyowa ta Gwandu da Sakkwato, ya ƙetare Gundumi karo na biyu cikin Oktoba 1854, bayan damina, ya nufi Kano.

Wanda ya duba wannan labari zai ga ba ƙarfin jiki kaɗai ke fid da mutum daga daji ba. Abu huɗu ne: ruwa isasshe, jagora masani, abokan tafiya, da wanda ya san da zuwanka har zai aiko a tarye ka in ka makara. Dukansu kuwa a bakin daji ake tanadinsu. Ayarin Galadima ya cika uku, jagora ya kuskure na ɗan lokaci, saura kaɗan kuskuren nan ya ci rayuka. Fataken da suka riƙa bin wannan hanya shekara da shekaru, ba a rubuta sunayensu ba, amma da saninsu baƙi suka ƙetare.